Tabarmi a Kan Ciyawar Tsoho

Sana'ata sayen kayan gida ce, gidan da mai shi ya mutu ko aka kai shi gidan tsofaffi. 'Ya'yan su kira ni, in zo in duba tun daga ɗakin ƙasa har ƙarƙashin rufi, mu yi ciniki a dunƙule, in kwashe komai. Abin da zai yi kasuwa a Kwatano ko Tema ta Gana in zuba a kwantena, sauran in kai juji. Kafin wannan na yi tallar agogo da tabarau a kan tebur a titi na 125 a unguwar Harlem ta New York, har ƙafafuna suka san sanyin garin nan fiye da yadda suka san ƙasar Fagge inda aka haife ni. Ba wanda ya koya mini sana'ar. Na lura ne kawai cewa Bature yana tara kaya shekara da shekaru, ranar da ya mutu kuma 'ya'yansa ba abin da suke so illa a miƙa musu gida wayam.

Sana'ar ce ta kai ni unguwar da nake zaune yanzu, a tsakiyar tsibirin Staten Island, nesa da tashar jirgin ruwa da shagunan mutanenmu na Tompkinsville. Kafin in sayi gida a can na kwashe gidaje da dama a cikinta, saboda haka cikinta na fara sani kafin wajenta. Gida ɗaya ne aka yi ta maimaitawa layi-layi. In ka shiga ɗaya ka shiga duka: falo a gaba, kicin a baya, ɗakuna ƙanana, ɗakin ƙasa mai warin danshi. Ko idona a rufe na san inda zan sunkuyar da katifa don kada ta bugi fitila. Kayan ma iri ɗaya ne. Kowane gida akwai kabad cike da tangaran da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, akwai kakin soja a cikin leda, akwai keken ɗinki, sannan a gareji akwai injin yankan ciyawa wanda ya fi komai na gidan samun kulawa.

Da can wurin gonakin kayan lambu ne. Da aka gama yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo, kowa da amaryarsa, ga shi babu wurin zama a Brooklyn. Magina suka sayi gonakin suka yanka su filoti-filoti, gwamnati ta tsaya wa sojojin suka mallaki gidajen. Samari 'yan asalin Italiya da Ailan suka tare kusan lokaci ɗaya, suka haihu lokaci ɗaya, kowa ya dasa bishiya a ƙofar gida. Baƙaƙen fata ma sun je yaƙin, amma su ba a sayar musu ba. Daga baya aka gina babbar gada, tsibirin ya cika, layinmu dai bai canza ba. 'Ya'yan suka girma suka watse New Jersey da Florida. Lokacin da na zo, iyayen ne suke mutuwa, su ma kusan lokaci ɗaya, kamar yadda suka zo.

Unguwa ce mai shiru. Za ka bi layi da rana tsaka ba ka ga mutum ko ɗaya ba, alhali kowace taga tana ganinka. Gaisuwa ɗaga hannu ce daga nesa. Ba mai shiga gidan wani. Abin da ake auna mutum da shi kuwa shi ne ciyawar ƙofar gidansa. A gida in ciyawa ta fito a ƙofarka sai a ce kai malalaci ne, ka bar wa macizai wurin kwana. A nan ciyawar ita ce mutuncin gidan. Ana shayar da ita, ana ba ta taki, ana aske ta duk mako, amma ba a zama a kanta, ba a taka ta. Ko mai kawo wasiƙa ta kan siminti yake zagayawa.

Ni na karanci wannan tun kafin in tare, don haka na kiyaye. Ina aske ciyawata ranar Asabar kamar kowa. Babbar motar kayana a wani fili nake ajiye ta can wajen Tompkinsville. Na ce wa maiɗakina in za ta sa daddawa a miya ta rufe taga. Baƙi in za su zo, mota ɗaya. Babbar riga sai na shiga mota nake sa ta. A shekarar farko ba wanda ya ɗaga mini hannu. A ta biyu suka fara. Ban nemi fiye da haka ba, ba a kuma ba ni ba.

Gidan da ke kallon nawa na wani tsoho ne, ɗaya daga cikin sojojin farko, ya haura casa'in. Matarsa ta rasu tuntuni. Yana da 'ya a Florida mai kiran waya ranar Lahadi, da ɗa a New Jersey wanda suka yi faɗa tun da daɗewa, ban taɓa ganinsa ya zo ba. Mai jinyarsa wata Hajiya ce 'yar Zangon Kumasi, gajeriya kakkaura, ta kusa sittin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Gana. Da farko daga unguwar Mount Hope ta Bronx take zuwa kullum, jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sannan bas. Da jikin tsohon ya ƙara lalacewa sai 'yar ta ce ta dawo gidan gaba ɗaya. Aka ba ta ɗakin ƙasa, da gado da talabijin da ɗan banɗaki. Ranar da ta tare ta kira maiɗakina ta zo ta gani. Ta ce tun da ta shigo Amurka ba ta taɓa kwana a ɗakin da ita kaɗai ke da mabuɗinsa ba. A Mount Hope su da yawa ne a ɗaki, masu aikin dare su tashi masu aikin rana su kwanta. Ta saki gurbinta na can, wata ta shiga.

Ita ke ɗaga shi, ita ke masa wanka, ita ke share shi in ya ɓata jiki. Baba take kiransa. Shi kuwa bakinsa ba daɗi. Da yamma takan fito da shi baranda a keken guragu, in ya hango ni sai ya yafito ni, don yana son mai sauraro.

Wata rana ya ce mini, «Ka san lokacin da muka zo nan, irinka ko bakin layin nan ba zai tsaya ba? Wani ya taɓa gwada sayar wa baƙar fata gida a layin baya. Sai da muka fasa masa tagogi.» Yana faɗa yana dariya, haƙoran roba suna motsi a bakinsa.

Na ce, «To yanzu ga mu.»

Ya ce, «Ga ku. Kai dai ka iya yankan ciyawa, shi ya sa.»

Hajiya tana goge masa yawu a haɓa ta ce da ni da Hausa, «Alhaji, rabu da shi. Mai fasa tagar nan yau da safe da kuka ya roƙe ni in sosa masa baya.»

«Me take cewa?»

Na ce, «Ta ce ka yi kyau yau.»

«Ƙarya kake. Matar nan zagina take yi kullum, ina ji.» Amma ya kamo gefen mayafinta ya riƙe, bai saki ba har ta mai da shi ciki.

Kusa da gidansa akwai wata mata da aka haifa a layin, ta gaji gidan iyayenta, ta yi ritaya daga aikin makaranta. Ni da maiɗakina Mai Labule muke kiranta, don kullum akwai yatsu biyu a gefen labulenta. Ita ta san motar da ta kwana a inda bai kamata ba, da wanda ya fitar da shara kafin ranarta. Tana da lambar wayar 'ya'yan kowane tsoho a layin.

Tsohon ya mutu cikin bazara, da hantsi, a hannun Hajiya. Masu ɗaukar gawa suka zo da baƙar mota suka tafi da shi. Duk layin ba wanda ya fito. Na ga labule ya motsa, shi ke nan.

Bayan azahar Hajiya ta tsallako gidana, idanunta sun kumbura, amma da labari mai daɗi a bakinta. 'Yar ta kira. Ta ce ba za ta samu zuwa ba sai mako mai zuwa. Ta ce ba su da niyyar sayar da gidan yanzu, kuma ba ta son a bar shi ba kowa, don haka Hajiya ta ci gaba da zama a ɗakinta tana kula da shi, ko shekara ce, ko fiye. Tana iya neman aikin yini a kusa ta riƙa dawowa ta kwana.

Na ce, «Hajiya, Allah ya rufa miki asiri. Irin wannan ba a samu. Ki rufe ƙofa, ki shayar da ciyawa, kada a ji motsinki.»

Ta murza carbinta. Sannan ta ce, «To wa zai zauna masa?»

«Zama kamar yaya?»

«Zaman makoki mana. Mutum ya mutu tun safe, Alhaji. Ka ga wanda ya taka ƙofar? Ko kare ne ya mutu ai a ce wayyo. Mutumin da ya haifi 'ya'ya, ya ga jikoki, a ɗauke shi kamar buhun shara, gida ya yi tsit?»

Na ce, «Su haka suke yi. Za su yi nasu a wani ɗaki da furanni, na awa biyu, kowa ya kama gabansa.»

«Wannan nasu ne. Ni fa? Ni na rufe masa ido. A Zango in ka yi jinyar mutum har ya cika a hannunka, kai ma an yi maka rashi ke nan. In na rufe ƙofa na kunna talabijin, da wane ido zan kalli kaina?»

Na gaya mata gaskiya ba kwana-kwana. Na ce unguwar nan tun da aka gina ta tsoro ɗaya take da shi, kada wata rana a wayi gari a ga baƙaƙe sun cika layi. Na ce ɗakin nan da take murna da shi ba takarda ta ba ta shi ba, magana ce a waya, kuma waya ɗaya ta isa ta karɓe shi. Na ce in dole sai an yi, ta je masallacinsu na Bronx a yi a can.

Ta ce, «A yi makoki inda ba a yi mutuwa ba? Alhaji, ka daɗe cikin Turawa.»

Ta tashi ta tafi. Tun kafin ta ƙarasa tsallaka titi wayar tana kunnenta.

Washegari da safe motoci suka fara zuwa. Tasi-tasi na 'yan Bronx da suka tashi daga aiki, da wata doguwar mota cike da mata, da masu shaguna daga Tompkinsville. Hajiya mutuniyar mutane ce, ba sunan da ba ta je ba, ba makokin da ba ta yi girki ba, saboda haka kowa ya ga dole ya rama. Ita kuma, don ladabi, ta ce ba za ta zaunar da maza a falon Baba ba alhali iyalinsa ba su zo ba. Mata suka shiga kicin da bayan gida. Maza aka shimfiɗa musu tabarmin roba a ƙofar gida, inda ake zaman makoki a ko'ina a duniyar da ta sani. Wato a kan ciyawa.

Daga tagata na ga takalma sun taru a kan siminti. Na ga an jawo tiyon shayar da ciyawa ana cika butoci. Na ga an fito da manyan tukwane na shinkafa da wake irin na Zango, ƙamshin yaji ya bi layi. Na sa hula na tsallaka, don ba zai yiwu a ce ina kallo ban je ba.

Wani direban tasi, mutumin Tamale mai faɗin baki, ya hango ni ya ce, «A'a, ga Sarkin Turawa! Alhaji, matso, ga wuri.»

Na ce, «A tsaye zan gaisa, ina da aiki.»

«Tsoron ciyawa yake yi, jama'a. Alhaji, ba ta cizo, na zauna tun safe.»

Aka yi dariya. Wani dattijo Bazabarme ya ce shi fa har yanzu bai gane ba, wai makokin Nasara aka tara su? Malaminsu, wani siriri mai farin gemu, ya ce, «Mu Hajiya muka zo yi wa gaisuwa. Shi kuma tsakaninsa da Mahaliccinsa.» Direban ya ce, «In dai shinkafar ta musulunta, ni ba ni da tambaya.»

Na leƙa kicin na yi wa Hajiya ta'aziyya yadda ake yi. Tana zaune a ƙasa a kan darduma, mata kewaye da ita, tana amsa gaisuwa. Fuskarta ta kwanta. Tun da na san ta ban taɓa ganinta a natse kamar ranar ba. Ta ce, «Ka gani? Yanzu gida ya yi kama da gidan da aka yi rashi.»

Ta kuma yi abin da ake yi, ta zuba abincin sadaka a kwanuka masu murfi, mata biyu suka bi gida-gida. Wasu ba su buɗe ƙofa ba. Wani ya karɓa da yatsu biyu. Mai Labule ta bari sai da matan suka juya, ta fito ta ɗauki kwanon, da shi da murfinsa, ta jefa a kwandon shara a kan idon kowa.

Da azahar ta yi suka tashi salla. Alƙibla a New York arewa maso gabas take, kuma daga ciyawar tsohon, arewa maso gabas tagar falon Mai Labule ce daidai. Sahu biyu na maza cikin dogayen riguna suka tsaya suna fuskantar tagarta, liman ya ɗaga murya ya yi kabbara. A wannan karon ba yatsu na gani a gefen labulen ba, waya na gani.

'Yan sanda sun zo da la'asar. Suka duba, suka tambayi abin da ake yi, suka ce a janye motar da ta tare famfon 'yan kwana-kwana, suka tafi. Jama'a suka ɗauka an gama. Direban ma har yana cewa da an ba su shinkafa. Ni na san ba 'yan sanda ne abin tsoro ba. Hotunan sun riga sun tafi inda za su.

A rana ta biyu na sake tsallakawa na ce wa Hajiya ta sallami mutane haka nan, ta kira 'yar da kanta ta yi mata bayani kafin wani ya riga ta. Ta ce ta kira, ba a ɗauka ba, wataƙila baƙin ciki ne ya hana ta. Ta ce saura addu'ar uku kawai, gobe a watse. Ba ta ga abin ɓoyewa ba. A ganinta in 'yar ta ji irin taron da aka yi wa ubanta, kuka za ta yi don godiya.

Ranar uku an fi kullum cika. Ana tsakiyar addu'a, hannuwa a sama, wata babbar mota fara ta tsaya a tsakiyar titi. Wani ƙato ya fito, ya haura sittin, jan wuya, gajeren wando. Kamar tsohon sak. Ɗan ne na New Jersey, wanda bai taka gidan ba duk tsawon ciwon ubansa. Ya tsaya yana kallon takalman, da butocin, da tukwanen, da mutanen da ke zaune a kan ciyawar da ubansa ya hana shi takawa tun yana yaro.

«Su wane ne ku? Me kuke yi a gidan ubana?»

Aka kira Hajiya. Ta fito da sauri da kofin ruwa a hannu, ta russuna, ta ce masa da Turancinta ya yi haƙuri, Baba ya tafi cikin sauƙi, bai sha wahala ba. Ta miƙa hannu za ta kama nasa. Ya janye kamar wuta ta taɓa shi, ruwan ya zube a kan siminti.

«Ke ce mai aikin?»

Ta ce ita ce, kuma 'yar'uwarsa ta ce ta zauna ta kula da gidan.

Ya ciro waya ya kira 'yar'uwar, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Matar tana kuka tana magana. Ta ce ta ga hotuna, ba ta yi barci ba. Ta ce, «Na ce ta kula da gida, ban ce ta kwaso ƙauyensu ba. Tun yaushe suke shirya wannan? Jira suke ya mutu?»

Hajiya ta matsa kusa da wayar tana cewa, «'Yata, 'yata, saurara, don Baba aka yi.» Aka kashe.

Ɗan ya ce kowa ya fita, ita ma ta haɗa kayanta. Wata yarinya 'yar Kaduna mai aikin asibiti ta fito daga cikin mata ta ce masa doka ba ta ba shi ikon korar wanda ke zaune a gida haka kawai ba, sai ya je kotu. Gaskiya ta faɗa. Ya dube ta, ya dubi mazan da ke kan tabarmi ɗaya bayan ɗaya, ya ce, «To mu kira hukuma. Su zo su duba takardun kowa a nan, mu ga wanda doka ta sani.»

Ban taɓa ganin an naɗe tabarma da sauri irin na ranar ba. Ba wanda ya yi gardama. Malam ya shafa addu'ar da bai ƙarasa ba. Direban Tamale ya sa takalmi ƙafa ɗaya nasa ɗaya na wani, bai tsaya canzawa ba. Mata suka fito ta ƙofar baya da tukwane a ka, miya tana zuba. Kowa in ya zo wucewa sai ya ce, «Hajiya, sai mun yi waya,» idonsa a kan titi. Ita kanta Hajiya takardunta ba su cika ba, kowa ya sani. Yarinyar asibitin ce ta tsaya ƙarshe, ita ma mijinta ya ja ta. Kafin la'asar ba kowa a ƙofar gidan sai Hajiya da kofinta, da ciyawa da ta kwanta ta yi rawaya daidai faɗin kowace tabarma.

A lokacin ne mutanen layin suka fito. Waɗanda ba su leƙo ba ranar da aka fitar da gawar, yau ga su a bakin siminti, suna gaisa ɗan, suna dafa kafaɗarsa, suna nuna ciyawar suna girgiza kai. Wani ya ce ubansa da ya ga wannan da ya sake mutuwa.

Ɗan ya ce ba zai bar gidan ya ƙara kwana a haka ba, sayarwa za a yi, yana neman wanda zai kwashe kaya. Mai Labule ta nuna gidana. Na ji ta da kunnena tana cewa, «Wancan sana'arsa ce. Shi ba irinsu ba ne, yana da tsabta.»

Ya tsallako, muka yi ciniki a tsaye a bakin gareji. Na karɓi aikin. Sana'ata ce, kuma gidan yana da kaya masu kyau. Sharaɗi ɗaya na sa, a bar Hajiya ta kwana biyu ta haɗa nata a natse. Ya ce ɗaya, kuma shi zai kwana a sama. Ya canza makullin ƙofar gaba a yammacin nan.

Da safe na kawo babbar motata layin, karo na farko tun da na tare. Na sauka ɗakin ƙasa na same ta zaune a bakin gado, ta ɗaure kayanta a jakunkunan buhu. Ɗan ya biyo ni ya tsaya a matattakala yana nunawa: gadon na gidan ne, talabijin na gidan ne, fankar ma. Ya sa ta buɗe jakunkunan ya duba. Ya ciro wani bargo mai ruwan ƙasa ya ce na uwarsa ne. Ta ce Baba ne ya ba ta da sanyin bara. Ya ce Baba ba ya cikin hankalinsa. Ya jefa shi kan tarin da na saya. Da ya hau sama na ɗauka na cusa mata a jaka, ta ciro ta ajiye. Ta ce ba ta so.

Muna loda kaya wasu ma'aikata suka iso da sabuwar ciyawa a naɗe a bayan mota. Suka kankare tsohuwar, suka shimfiɗa wannan, suka kunna ruwa. Kafin azahar ƙofar gidan ta koma kore shar, kamar ba a taɓa zama a wurin ba.

Ni na kai ta Bronx, jakunkunanta a baya tare da kabad ɗin tangaran. Ta kira mutane da yawa a hanya. Wasu ba su ɗauka ba. Wata ta ce maigidan ginin ya hana ƙara mutum. A ƙarshe matan tsohon ɗakinta na Mount Hope suka ce ta zo a gani.

Muna kan gada ta ce, «Alhaji, kai da ka yi magana da shi, yaushe za a sa Baba? Wace maƙabarta? Ko daga nesa ne in je in tsaya. Ba zan matsa kusa da su ba.»

Na san amsar tun jiya, ɗan ya faɗa mini muna ciniki. Ban ga amfanin ɓoye mata ba, don za ta yi ta tambaya.

Na ce, «Ba za a sa shi ba, Hajiya. Sun ƙone shi. Tun washegarin mutuwarsa, 'yar ta ba da izini ta waya.»

«Ƙonewa?»

«Da wuta. Toka za a aika musu a gwangwani.»

Ta lissafa a ranta, na ga leɓenta yana motsi. Wato duk zaman da aka yi, da shinkafar, da addu'ar, mutumin ya riga ya zama toka. Ta juya tana kallon ruwa. 

Ta ce, «Ruwan wanka ma in ya ɗan yi zafi ihu yake yi. Sai na sa gwiwar hannuna na gwada.»

Muka isa Mount Hope. Lif ɗin ginin ya lalace, muka hau da jakunkunan a kafaɗa. Matar da ta buɗe ƙofa tana cikin waɗanda suka je makokin, ita ce ma ta fita da babbar tukunya. Ta dubi jakunkunan, ta dubi Hajiya, ba ta matsa daga bakin ƙofar ba.

Ta ce, «Yaya, kin san gurbinki an shiga. Sai dai ƙasan falo, shi ma sai mai aikin dare ta tashi. Kuma kayan nan ba inda za su.»

Hajiya ta ce in mayar da jaka biyu mota, in sayar da abin da ke ciki in ya yi kasuwa. Ta ɗauki ƙaramar ta shiga, aka rufe ƙofa.